Saba'in a Kilo

Asubahin Recife, teku bai gama hamma ba,
Zuleide ta ɗaure gwiwar hagu da tsumma,
ta ja amalanke zuwa bakin ruwa
inda mashayan daren jiya suka bar mata gado a kan yashi.

Gwangwani ɗaya ba ya amo.
Takan ɗora masa dunduniya, ya yi ƙara sau ɗaya, ya kwanta.
Saba'in ke cika kilo.
Sau saba'in ke nan baya zai sunkuya ya miƙe
kafin allurar sikeli ta yarda ta motsa.

Jikanta Ivanildo, ɗan aji shida,
ya kawo mata lissafi daga makaranta:
"Kaka, kin san abin da kike tsinta?
Jar ƙasa ce aka haƙo can arewa cikin kurmi,
aka datse kogi, aka matsa masa har ya haifi lantarki,
aka dafa ƙasar da wutar da za ta haska gari.
Shi kuwa tsohon gwangwani, in za a narka shi,
biyar cikin ɗari na wutar nan ta ishe shi."

Ta ce, "To sauran casa'in da biyar ɗin,
a aljihun wa suke kwana?
Takardar kuɗin wutar ɗakina dai ba ta ji labari ba."

Kwalba, tuni suka daina gaisawa.
Ga nauyi kamar alhaki, ga kuɗi kamar sadakar marowaci.
Tanderun da ke narka ta yana da nisa,
man da mota za ta sha a hanya ya fi kayan daraja.
Sai ta bar ta nan tana ƙyalli,
kyan ɗan maciji.

Roba kuma jelar man fetur ce.
Ran da ganga ta faɗi a wata kasuwa
da Zuleide ba ta san ƙofarta ba,
sabuwar roba ta yi araha, tsohuwa ta zama marainiya.
Valdomiro mai sikeli ya goge allo da hannun riga,
ya rubuta sabon farashi
bai ɗago ido ba.

Kwali abokin rani ne.
Ruwan Yuni ya same shi a hanya, ya sha ya ƙoshi,
ya ninka nauyi a kan tudu.
Valdomiro ya tsoma yatsa ya ce, "Ba na sayen ruwan sama."
Ita ta ja ruwan kilomita huɗu,
shi ya zabtare shi da alli.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
sai dai shi ma gardin yana da nasa gardi,
mai babbar mota, mai zuwa ran Alhamis.

Da magariba ta zube kwabbai a kan tebur:
wannan na wake, wannan na garin rogo,
wannan a ajiye, tukunyar gas ta fara tari.
Yaron na cizon fensir, yana juya littafi.
"Kaka, sun lissafa wutar tanderu,
sun lissafa man mota da ruwan wanki.
Ban ga inda suka sa ƙafafunki ba."

Ta yi dariya har haƙorin da ya rage ya leƙo.
"Injin da ke aiki da wake, wa zai sa shi a littafi?"

Ta kwance bakin zane, ta ware kwabo na ƙarshe,
ta aike shi kantin Dona Creuza
ya sayo lemo mai sanyi guda ɗaya.
Ya sha rabi, ya miƙa mata, ta kurɓa, ta mayar.
Da ya ƙare ya ajiye a ƙasa,
ta ɗora dunduniya.

"Je ka," ta ce da gwangwanin,
"ka shiga wuta, ka sake riga,
wata biyu ka dawo kan kanta kamar ba ka san ni ba.
Zan gane ka."

Ta jefa shi cikin buhu.
Saura sittin da tara.